Dara, bilot da lido: hira ce mai daɗi muddin dala ba ta hau tabarma ba



Duk wanda ya taɓa zaman rumfa ya san akwai wani lokaci tsakanin azahar da la'asar, musamman cikin bazara, da kasuwa take yin sanyi alhali rana tana ƙuna. Masu saye sun koma gida, ƙuda ya fi mutane yawa, mai tebur ya lulluɓe kayansa da buhu. A wannan lokacin ne za ka ga an share ƙasa a gindin icce an tona ƴan ramu, ko kuma wani ya zaro karta daga aljihu yana barazawa. Haka abin yake a kasuwar Dole ta Damagaram, haka yake a Katako ta Yamai, haka kuma a tashoshin mota na Maraɗi da Tawa da Ƙonni. Da dare kuma, bayan an ci tuwo an wanke kwanoni, sai ka ji ihu daga cikin gidaje, ka ce faɗa ake yi, nan kuwa lido ne ya yi zafi tsakanin uwar gida da ɗiyanta.

Waɗannan wasanni su ne za mu duba a yau. Wasu namu ne tun kaka da kakanni, wasu baƙi ne da suka zo suka zauna har suka zama ƴan gida. Ra'ayina a kansu ba ɓoyayye ba ne: suna cikin abubuwa kaɗan da suka rage mana waɗanda suke zaunar da mutane bisa tabarma guda, ido da ido, ba tare da an kashe ko dala ba. Amma karta ɗin nan da take sa gida dariya, ita ce dai take cinye jarin ɗan kasuwa. Bambancin duka yana ga abin da aka aza a tsakiyar tabarma.

Dara, uwar wasanni

Dara ba ta bukatar a sayi komi. Ana tona gidaje 30 a ƙasa, layi 5 kowane da gida 6, ko da yake a wasu wurare ana faɗaɗa ta. Mutum biyu ne suke yi, kowa da ƴaƴa 12. Ɗaya ya karya tsinke ko kara, ɗayan ya tsinci tsakuwa, domin kada ƴaƴan su rikice. Da farko zubi ake yi: kai ka aza ɗa guda, abokin wasanka ya aza guda, har kowa ya ƙare nasa. Gida 6 ne kawai suke saura babu komi, kuma a cikin waɗannan gidaje shida ne duk rigimar za ta gudana. Daga nan sai tafiya. Ɗa yana gusawa gida guda, gaba ko baya ko gefe, ba ya tsallake, ba ya bin kusurwa. Wanda ya jera ƴaƴansa uku a layi ya ci, sai ya cire ɗa guda na abokin wasa. Uku fa, ba huɗu ba. In ka jera huɗu ka yi aikin banza. Wanda ƴaƴansa suka ragu har ba ya iya jera uku, an cinye shi.

Mai kallo daga nesa zai ce ai wannan wasan yara ne. To ya zauna ya gwada da wani tsoho. Gwanayen dara suna cewa tun wurin zubi ake cin wasa ko a faɗi, domin a nan ne mutum yake shirya abin da ake kira doki. Doki shi ne ka tsara ƴaƴanka ta yadda ɗa guda zai riƙa kai da kawowa tsakanin gida biyu, in ya je nan ya cika uku, in ya dawo can ya cika uku, kowane taku da ci. Wanda aka kafa ma doki, sai dai ya zuba ido yana kallon ƴaƴansa suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, ƴan kallo suna masa jaje na ba'a. Ɗan kasuwa ba sai an yi masa dogon bayani ba: wanda ya iya sari tun ranar da kaya suke araha, shi ne yake cin riba zuwa da dawowa.

Dara ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Zabarmawa suna yin ta, suna kiranta dili, ana kuma yin ta a Burkina Faso da arewacin Najeriya. Ƙa'idodin sukan ɗan bambanta daga gari zuwa gari, misali ko an yarda a ciro ɗa daga cikin layin da ya riga ya cika uku ko ba a yarda ba. Shi ya sa baƙo mai hankali, in ya sauka a tasha ya tarar da ƴan dara, yakan tambayi dokar wurin kafin ya tanƙwashe ƙafa. Har cikin maganarmu ta yau da kullum wasan ya bar sawu, tunda kowa ya san abin da ake nufi in an ce dara ta ci gida.

Abin da ya fi burge ni ga dara shi ne babu sa'a a cikinta. Babu ƙwayar jefawa, babu takardar da aka ɓoye, komi a fili yake. Wanda aka ci ba shi da wanda zai zarga. Watakila shi ya sa samarin yanzu suke gudunta, suna cewa wasan tsofaffi ce. A garuruwa da yawa in ka duba masu yin ta za ka tarar furfura ta fi baƙin gashi yawa, kuma in ba a koya ma yara ba, gidajen nan talatin iska za ta cike su da rairayi.

Dam kuwa, wadda Faransawa suka kawo mana, ta samu wuri wajen teloli da masu gyaran babur da ƴan kabu-kabu masu jiran fasinja. Allo ne mai gida 100, kowa da ƴaƴa 20, kuma in ƴaƴan sun ɓace murfin kwalbar lemu ya wadatar, wani ya kife nasa wani ya bar su a buɗe. Kada a raina ta. Wani ɗan Senegal, Baba Sy, ya gagari Turawa a wannan wasa, har daga baya aka amince shi ne zakaran duniya na shekarar 1963, ko da yake wannan shaida ba ta zo ba sai a 1986, bayan ya rasu a haɗarin mota a 1978.

Bilot da zaman fada

In ana maganar karta a Nijar, bilot ce sarauniya, kuma gidanta shi ne fada. Fadodin samari sun yawaita ne cikin shekarun 1990, bayan babban taron ƙasa na 1991, lokacin da aikin gwamnati ya yi wuya, waɗanda suka gama lakkol suka rasa abin yi, gidajen rediyo masu zaman kansu kuma suka fara buɗewa. Mu ma'aikatan rediyo mun san su sosai, domin su ne suke cika mana shirin gaishe-gaishe da sunayen fadodinsu. Har wata malamar jami'a a Amurka, Adeline Masquelier, ta rubuta littafi sukutum a kan fada a 2019. Tabarma ko benci, ɗan murhun waya, buta da ƙananan kofuna, shayi na ɗaya da na biyu da na uku, sai karta. Iyakar kayan ke nan.

Bilot ta fito daga Faransa, inda ta bazu wajen shekarun 1920. Ba a yin ta da karta duka, ana ware 32 ne, daga 7 zuwa as. Mutum huɗu ne, biyu-biyu, abokinka yana zaune yana fuskantarka. Ana raba ma kowa biyar, a buɗe guda a tsakiya. Wanda ya ɗauke ta, launinta ya zama atu, wato launin da yake bugun sauran, sannan a cika ma kowa takwas. Maki 162 ne a cikin kowane zagaye, har da goman da ake ba wanda ya kwashi hannun ƙarshe. Ɓangaren da ya ɗauki atu dole ya samu fiye da rabi, in ba haka ba ya faɗa ciki, makin duka ya koma ga abokan hamayya. In kuwa ɓangare guda ya kwashe hannu takwas ɗin baki ɗaya, an yi kapo ke nan, kuma wanda aka yi ma kapo ba ya shan shayinsa cikin kwanciyar hankali a wannan dare.

Akwai wani abu a lissafin bilot da yake ba ni dariya kullum. Bale, wato baran sarki, maki 2 ne kawai gare shi a sauran launuka, ƙasa da sarki mai 4 da sarauniya mai 3. Amma in launinsa ya zama atu, sai ya haye 20, ya fi as mai 11, ya fi kowa. Tara ma, wadda ba ta da ko maki guda, sai ta koma 14. Alhazan kasuwa, ku riƙa kyautata ma yaran shago, ba ku san ranar da launinsu zai zama atu ba.

Daɗin bilot yana ga abokin wasa. Ba a yarda ka gaya masa abin da ke hannunka ba, sai dai ya gane ta hanyar abin da kake jefawa. Gwani yana ƙirga atu nawa suka fita, yana tuna wa ya kasa bin wane launi, kamar yadda mai awo take riƙe bashin unguwa duka a ka ba tare da littafi ba. Waɗanda ba su kai gwanaye ba kuma sai su koma ga ƙifta ido, da shafa gemu, da tari na ƙarya, da taka ƙafa ƙarƙashin benci. Rabin gardamar fada daga nan take tasowa. Na sha ganin aminai biyu da suke cin tuwo kwano guda sun yi minti goma suna musu bisa dalilin da ya sa ɗaya bai jefa as ɗinsa da wuri ba, su rantse ba za su ƙara zama ɓangare guda ba, gobe kuma ka tarar da su fuska da fuska ana rabawa.

Ga masu bin hanyar Najeriya kuwa, ƴan Maraɗi masu shiga Jibiya da Katsina, ƴan Damagaram masu bi ta Magarya ko Matamai zuwa Kano, da ƴan Ƙonni masu tsallakawa Illela, sun san wata karta dabam mai suna Whot. Wani Bature ɗan Ingila, William Storey, ya ƙirƙiro ta a 1935, amma Najeriya ce ta riƙe ta kamar ita ta haife ta. Takarda 54 ce, babu sarki babu sarauniya, sai zane biyar: da'ira, kusurwa uku, kusurwa huɗu, kuros da tauraro. Babu lamba 6 babu 9 a cikinta. Kana bin wanda ya gabace ka da zane iri ɗaya ko lamba iri ɗaya, wanda ya riga ƙare na hannunsa ya ci. Ta yi kama da wit amerikan da yaranmu suke yi da kartar Faransa.

Abin da zai ba ku sha'awa, tarin takardun da ake ajiyewa a tsakiya sunansa kasuwa. Wanda ba shi da abin jefawa sai a ce masa ya tafi kasuwa, wato ya ɗauki guda. In aka jefa 2, na gaba ya ɗauki biyu. In aka jefa 14, kowa da kowa ya tafi kasuwa ban da wanda ya jefa. Wannan ne kaɗai wurin da na sani inda zuwa kasuwa yake zama hukunci. Direbobi da ƴan kamisho da suka yi zaman jiran tsammani a bakin iyaka, lokacin da Najeriya ta rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sun tafi irin wannan kasuwa fiye da ta gaske.

Lido, da wanda ake wasa da shi

A cikin gida lido ne yake mulki. Asalinsa wani tsohon wasan Indiya ne mai suna pachisi, Turawan Ingila suka sauƙaƙa shi suka yi masa rajista a 1896. Mutum biyu zuwa huɗu, kowa da ƴaƴa huɗu da launinsa, ana kaɗa ƙwayar nan mai fuska shida cikin ɗan gwangwani a kife. Ɗa ba ya fita gida sai an samu sis. Wanda ya sauka bisa ɗan wani ya kore shi ya koma gida, ko da kuwa saura taku uku ya shige. A nan ne ihun yake. Yarinya ƴar shekara bakwai tana iya korar kakarta, kakar ta ce: "Ja'ira, ni za ki kora? Bari in samu sis ki gani!" Ba ya son dogon tunani, shi ya sa mace tana iya yin shi tana tsinkar zogale ko tana ƙulla gyaɗa cikin leda don tallan gobe.

Mutane da yawa sun sake gano daɗin lido a lokuta biyu na kusa. Na farko a 2020, da cutar korona ta sa aka kafa dokar hana fitar dare a Yamai. Na biyu daga Agustan 2023, da Najeriya ta yanke kuran da take ba mu, abin da ya ɗauki watanni har zuwa Maris na 2024. Tele ta mutu, salula babu caji, zafi ya hana shiga ɗaka. Gidaje da dama sun kakkaɓe tsohon kwalin lido, aka kunna cocila, aka ga uba da bai taɓa zama da ɗiyansa bayan isha'i ba yana gardama da autansa bisa ƙirgan gida. Akwai lido na cikin salula, irin su Ludo King da ya fito a 2016, amma in ka tambaye ni, wasan da ba a jin ƙarar ƙwaya cikin gwangwani, ba a kuma iya zargin wani da cewa ya tura ɗansa gida guda a ɓoye, ya rasa rabin gishirinsa.

Sai dai a gidan Bahaushe ba da kowa ake zama wasa ba. Babu mai jefa karta da surukinsa. Uwa mai kunyar ɗan fari ba za ta zauna tana musu da shi bisa sis ba. Amma kaka da jika, da taubasai, da mace da ƙannen mijinta, nan ne wasa yake samun fili, domin dama akwai izinin tsokana tsakaninsu. Haka ma a kasuwa: in Bafillace ya zauna dara da Babarbare, ko Buzu da Bazabarme, ƴan kallo sun san za su sha dariya, kowa yana kiran ɗan uwansa bawansa, kuma ba mai fushi. Wannan wasan dangantaka namu hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ake tattali a 2014. Na kuma san gidajen da kishiyoyi ba su da wata magana mai tsawo tsakaninsu in ba bisa kwalin lido ba. Wadda ta kori ɗan abokiyar zamanta sau uku ta huce haushin mako guda ba tare da maƙwabta sun ji ba.

Ya kamata a faɗi cewa malamai suna da magana a nan. Malaman Malikiyya suna da tsanani a kan wasan da ake jefa ƙwaya ko da babu kuɗi, suna kafa hujja da hadisin da ya zo cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wasu malaman kuma suna sassautawa ga wasannin tunani muddin ba su hana salla ba. Wannan kowa ya tambayi malaminsa. Inda babu saɓani ko kaɗan shi ne caca, wadda Suratul Ma'ida ta haɗa ta da giya a wuri guda, ta kuma ambaci gaba da ƙiyayya da take haddasawa tsakanin mutane.

Ranar da dala ta hau tabarma

Ba wanda yake fara caca da jikka goma. Da dala biyar ake farawa, wai don wasa ya yi armashi. Sai a koma dala ashirin. To mu yi lissafi irin namu na kasuwa. Dala ashirin sau goma jikka guda ke nan. Wanda yake barin jikka guda kowane dare, a wata ya bar jikka talatin. Hajiya mai zubin adashi, ke kin san abin da jikka talatin take yi: jarin ƙosai ne da mai da wake, ko kuɗin hayar rumfa, ko kayan lakkol na yara. Kuma wanda aka ci ba ya tashi, domin zuciya tana gaya masa zagaye guda ya rage ya maido kuɗinsa. Garin neman gira ake rasa ido.

Wani zai ce ai kuɗin tsakaninmu suke yawo, yau gare ni gobe gare ka. Wannan magana tana da rami. A duk inda caca ta zauna da gindinta akwai mai wuri, wanda yake cire la'adarsa a kowane zagaye. A ce mutum huɗu sun zo kowa da jikka biyar, jikka ashirin ke nan bisa tabarma, mai wuri yana ɗaukar dala ashirin duk zagaye. In aka yi zagaye 50 ya kwashe jikka biyar, kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin duka, bai taɓa karta ba. Su huɗun suna ta murna da baƙin ciki bisa abin da ya rage, shi kuwa yana hura musu shayi.

Akwai kuma ƴan karta uku na bakin tasha da ranar kasuwa, waɗanda ba ma wasa suke yi ba, sata ce da rana tsaka. Mutum ya kife takarda uku yana jujjuyawa, ya ce ka nuna ja ka ci ninki. Waɗanda kake gani suna ci suna tsalle a gabanka, yaransa ne. Wanda suke jira shi ne baƙauyen da ya sayar da ragonsa ko buhun wakensa yanzun nan, kuɗin suna ɗumi a aljihu. Ƴan uwa mata masu abinci a tasha sun fi kowa sanin fuskokinsu. In kun ga baƙo ya nufi wurin, ku kira shi ku ce tuwonsa yana hucewa.

Dā mai caca sai ya nemi lungu, kuma ana ganin shigarsa da fitarsa. Ko masu cacar dawakin Faransa ta PMU, ana ganinsu tsaye bakin kiyos da biro da takarda suna nazarin dokin da ba su taɓa gani ba. Yanzu salula ta ɗauke wannan kunya. Yaro yana zaune cikin shagon ubangidansa, kansa a sunkuye, ka ce lissafin ciniki yake yi, nan kuwa yana zuba kuɗi bisa ƙwallon Ingila ko Sipaniya. Suna son haɗa wasa goma a tikiti guda domin ribar da ake nuna musu ta yi kauri. To ko da a ce kowane wasa rabi da rabi ne, ko ka dace ko ka kuskure, damar ka dace a goman duka ɗaya ce cikin 1024. Wace ƴar kasuwa ce za ta sari kayan da sau ɗaya cikin dubu ake sayar da su? Wanda ya ci sau guda unguwa duka za ta ji labari; sauran dubun ba su yin shela.

Kuɗin kuma daga wani wuri suke fitowa. Daga aljihun tebur suke fitowa, da cikon kuɗin kaya da aka aiki yaro ya kai, da kuɗin cefane da maigida ya ce yau kasuwa ba ta yi ba, da adashin da uwar adashi ta ba mijinta ajiya. Alamomin ba su da wuyar ganewa ga mai lura: ciniki yana tafiya amma kaya ba su ƙaruwa, yaro yana yawan neman canjin kuɗi zuwa cikin salula, yana sanin sakamakon ƙwallon ƙasashen da bai san inda suke ba, ransa yana ɓaci ranar Lahadi da dare ba tare da wani ya taɓa shi ba. Uwa ko ubangida da ya ga haka, gara ya zaunar da yaron tun ɓarnar tana jikka biyu. Kora ba ta cika magani ba, domin wanda aka kora daga shago lungun ƴan caca ne yake karɓarsa hannu biyu. Wasu iyayen gida sun koma yin lissafin aljihun tebur kowane maraice maimakon ƙarshen mako, kuma sun ce hakan kaɗai ya rage musu asara da zargi.

Hana karta baki ɗaya kuwa, a ganina, ba ya aiki. Uban da ya ƙone kartar gida, ɗansa zai je ya yi ta inda ba ya gani, tare da waɗanda ba su san darajar gidansu ba. Wanda ya bar yara suna lido da wit amerikan a tsakar gida, ƙannensu da iyayensu mata suna kallo, aƙalla ya san babu kuɗi a wurin, ya kuma san da wa suke zaune.

Saura tambayar da masu saurare suke yawan aiko mana: in an ce wanda aka ci shi zai sayi sukari da ganyen shayi, shi ma caca ne? Malamai da yawa suna cewa e, tunda dukiya ce take fita daga aljihun wani saboda faɗuwar wasa, ƙanƙantarta ba ta canza sunanta ba. Fadodin da suka ɗauki wannan magana sun samo wata hanya. Kuɗin shayi karo-karo ake yi tun kafin a raba karta, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa. Wanda aka ci kuma hukuncinsa a jikinsa yake: ya tashi ya ba na layi wuri, ko a maƙala masa abin shanya tufafi a kunne har sai ya rama. Wanda aka yi ma kapo kuwa, ko da Alhaji ne mai shago uku, shi zai hura gawayi, ya wanke kofuna, ya kuma miƙa ma kowa shayi na uku da hannunsa.